Daga Birnin Damagaram zuwa Tsibirin Gore: Rayuwata da Fenti

Ni mai zane ne. Da buroshi da fenti nake ci, da su nake ciyar da iyalina, da su kuma na yi wa Inna rufin kwano a ɗakinta. Zaune nake a Gore, wani ɗan tsibiri da ke gaban birnin Dakar a ƙasar Senegal, tafiyar minti ashirin a jirgin ruwa. Tsawonsa bai kai kilomita guda ba, ba mota, ba babur, duk inda za ka da ƙafa za ka. Duk sa'ad da na je gida na faɗi abin da nake yi, sai wani ya ce, "To, ban da zanen, wace sana'a kake yi?" Wannan tambayar ce ta sa na ga ya kamata in ba da labarina da bakina.

A unguwar Birni aka haife ni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Kakana na wajen uwa magini ne, cikin masu yi wa fuskar gida ado. Ina ƙarami nakan tsaya ƙarƙashin tsaninsa ina miƙa masa ƙwaryar laka, yana murɗa dagi da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya, in ta sha iska a bi ta da makuba. Mahaifina kuma malamin allo ne, shi ake kawo wa allon zayyana in yaro zai yi sauka. Sai ya kankare allon ya yi sumul, ya fere alƙalamin kara, ya dama tawada da ƙaro, ya ɗaura zare a jikin ƙusa ya ja da'ira. Ba ya taɓa launi sai ya gama jan layuka kaf, har ƙananan gidajen da ke cikin kusurwa. In na ƙosa in ga ja da kore da ruwan ɗorawa, sai ya ce, "Bari layi ya zauna tukuna." A gidanmu ba wanda ya taɓa kiran waɗannan abubuwa zane. Aiki ne kawai, kamar jima ko rini.

Da na tasa aka kai ni Zango wurin wani mai rubutun motoci kusa da tasha. Can na koyi fentin mai, da rubuta "Allah ba mu sa'a" a goshin babbar mota, da allunan masu aski, inda ake jera kawunan samari kowa da irin askinsa. Kawunan nan ne suka fara haɗa ni da Malam. Ya ce mini, "Rubutu da ƙulli ban hana ka ba, amma mai rai ka kiyaye." Na yi shiru, don ba a musu da uba, amma maigidana ba zai bar aikin masu aski saboda ni ba. Ana nan sai watan Janairun 1994 ya zo, aka karya darajar sefa da rabi. Fenti daga waje yake zuwa, kuɗinsa ya ninka, masu motoci suka daina sabunta rubutu, maigidana ya sallame mu yana ba mu haƙuri. Na yi ta buga-buga har kawuna da ke Dakar ya aiko a turo ni.

Na bi ta Yamai da Wagadugu zuwa Bamako, daga nan na hau jirgin ƙasa, lokacin yana aiki, ya ratsa Kayes da Tambakunda ya sauke mu Dakar. Kawu gashin nama yake yi a unguwar Madina. Mutanen Dakar suna son tsirenmu ƙwarai, har sunansa suka sa "dibi hausa", kuma yawancin masu yin sa 'yan Nijar ne. Aikina yankan albasa, hura wuta da barbaɗa yaji. Wata rana na samu guntun katako na rubuta wa Kawu allon rumfa, na zana rago a tsakiya, na kewaye shi da ƙulli irin na kakana. Wani dattijo da ke zuwa sayen nama duk daren Juma'a ya tsaya yana kallo, ya tambayi Kawu wa ya yi. Da aka nuna ni, ya ce in same shi gida. Kawu bai so ba da farko, amma daga baya ya ce, "Je ka, ɗana. Wuta ba ta gudu, in abin bai yi ba ka dawo."

Dattijon mai zanen gilashi ne, abin da 'yan Senegal ke kira suwer. A bayan gilashin ake zanen, mai kallo kuma ta gaba yake gani, saboda haka komai a juye ake yin sa. Sa hannunka shi ne farko, kuma a birkice za ka rubuta shi. Sannan ka ja layuka da baƙar tawada, ka sa ƙwayar ido, ka sa aikin wuyan riga, ka jira su bushe, ka zuba launin fuska da na tufa, bango shi ne na ƙarshe. Abin da ka fara sawa shi zai fito a sama, kuma in ka rufe shi da fenti ba ka da hanyar komawa ka gyara. Ranar da na fara juya gilashina na ga abin da na yi, hannuna rawa yake. Dattijon ya duba ya ce da Wolof, Kawu ya fassara mini daga baya, wai duk wanda ya koya mini haƙurin jan layi ya gama mini rabin aiki.

Dattijon ne ya ba ni tarihin sana'ar. A zamanin mulkin mallaka, William Ponty, gwamnan Faransa mai mulkin Afirka ta Yamma, ya hana shigo da hotunan addini da ake bugowa daga ƙasashen Larabawa, don yana tsoron tasirinsu. Sai mutane suka koma ɗora gilashi a kan 'yan hotunan da suka rage suna kwafa. Daga nan aka shiga zana shehunai, Ahmadu Bamba da Alhaji Malik Si, aka zo kan jirgin Annabi Nuhu, har aka gangaro kan matan Dakar da ɗaurin kallabinsu. Yakan ambaci Gora Mbengue, wanda ya rasu a 1988, da girmamawa irin ta almajiri ga malami. Abin ya ba ni mamaki, ƙasar Musulmi, masu salla da wuridi, amma hoton shehi a kowane shago da kowace mota. Kuɗin farko da na samu na kaina daga hoton Shehu Ibrahim Inyass ne, na sayar wa 'yan uwanmu na Kano da Zariya da Maraɗi masu zuwa Kaulaha Mauludi. Maganar halacci ko haramcin zana mai rai kuwa, malamai sun yi saɓani, ni kuma ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne maganar Malam ba ta taɓa barin zuciyata ba, ko a ranar da ciniki ya fi kyau.

Bayan rasuwar dattijon, wani abokin aikina ya ja ni zuwa Gore, a farkon shekarun 2000. A kudancin tsibirin akwai tudun baƙin dutse da ake kira Kastel. Turawa sun gina ganuwa da ramukan soja a kansa, har yau manyan bindigogin da aka harba a faɗan Dakar na Satumban 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna nan sun yi tsatsa. Cikin waɗannan ramuka da ɗakunan ajiyar harsashi masu zane suka tare. Hanyar hawa tudun itatuwan kuka ne dama da hagu, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, zane rataye tun daga ƙasa har sama. Ɗakin da na fara samu ba taga, sai wata 'yar kafa da soja ke leƙen teku ta cikinta. Da safe haske kan shigo ta nan ya faɗi a bango kamar tsawon hannu, ni kuwa in ja teburina in bi shi har azahar.

Wurin yana da manyansa. Mustafa Dime, mai sassaƙa da itacen da teku ta tofo da tsoffin ƙarafan kwale-kwale, a tsibirin ya yi aikinsa na ƙarshe kafin ya rasu a 1998, ban riske shi ba, amma sunansa na bakin kowa. Sulaiman Keita, haifaffen Gore, na gan shi da idona kafin rasuwarsa a 2014. Mu kuwa na kan tudu tarkace ne daga ko'ina: Wolof, Sarar, Fulani, 'yan Gini, 'yan Mali, da 'yan Bayfal, wani reshen mabiya Ahmadu Bamba, masu dogon gashi da rigar faci-faci. Ni kaɗai ne Bahaushe, don haka sunana ya ɓace, "Hausa" kawai ake kira na. Da rana ana kawo babban kwanon shinkafa da kifi, a zauna a kewaye, wanda ya yi ciniki ya biya, wanda bai yi ba ya sa hannu ba mai kallonsa. Bayan nan shayi zagaye uku. In ka sauka salla baƙo ya taya zanenka, maƙwabcinka zai sayar ya ajiye maka kuɗinka cif. In farin fentinka ya ƙare, ka miƙa murfin gwangwani a matso maka. Akwai hassada, ba zan ɓoye ba, musamman in ka fito da sabon abu ya karɓu, kafin mako ya zagayo ka gan shi a igiya biyar. Amma sa'ad da zazzaɓi ya kwantar da ni, mutanen nan ne suka ɗauke ni a kafaɗa suka gangara da ni har bakin jirgi.

Rayuwarmu ta rataya ne ga jirgin. In ya yi ƙaho kowa ya miƙe ya kakkaɓe ƙurar zanensa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu baƙi ke cika tsibirin, sai damina ta zo a shiga zaman jira. Kuma baƙo ya san abin da ya zo nema tun kafin ya sauka: mace da tulu a ka, kuka da faɗuwar rana, kwale-kwale, sai ƙofar nan. Yana son ƙarami, wanda zai naɗe ya sa a jaka, shi ya sa da yawanmu suka bar gilashi suka koma ƙyalle, ko zanen yashi, inda ake shafa gam a katako a barbaɗa yashi launi-launi a karkaɗe. Na yi duk waɗannan, kuma ba na raina su, don da su na yi aure.

Ƙofar ita ce ta Gidan Bayi, wadda ke buɗewa kai tsaye kan teku, ake ce mata ƙofar da in an fita ba a dawowa. An mai da gidan wurin tarihi a 1962, kuma saboda wannan tarihi UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren gadon duniya a 1978. Nelson Mandela ya zo, Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1992, Barack Obama a 2013. Na sha tsayawa a tsakar gidan ina sauraron Bubakar Joseph Ndiaye, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009, yana ɗaga sarƙar ƙarfe yana bayani, baƙaƙen fatar Amurka suna kuka. Masana tarihi suna jayayya kan yawan bayin da suka bi ta Gore ɗin kanta, wasu na cewa tashoshi irin su Wida ta Benin da Elmina ta Ghana sun fi ta nesa ba kusa ba. Ni wannan jayayyar ba ta rage mini nauyin wurin ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ni ɗan Damagaram ne. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, garinmu ya yi ƙarfi da arziki, kuma cikin kayan da ayari ke ɗauka ya bi ta Agadas ya ratsa sahara zuwa Tarabulus akwai mutane. Har yau in ana binciken aure a wasu gidaje sai an yi raɗa a kan asalin wane. Mu ba mu da ƙofar da za mu tsaya gabanta mu yi kuka, shi ya sa muke yi kamar abin na Turawa ne da mutanen bakin teku kaɗai. Tun da na gane haka na daina zana ƙofar guda goma a rana ina jerawa a igiya. In wani ya nema ina yi masa, amma a natse, kuma nakan gaya masa cewa akwai wata hanyar da ta bi ta rairayi.

A wannan tsakanin ne na fara gajiya da zana abin da ban taso a cikinsa ba. Matar da ke ɗauke da tulu ba Innata ba ce, ba kowa ba ce. Wata damina da ba baƙi, na shimfiɗa babban ƙyalle a ƙasa, na ɗaura zare a ƙusa na ja da'ira yadda Malam ke yi. Na kwana biyu ina jan layi kawai. Na aika gida aka sako mini jar ƙasa daga Mirriya, garin masu tukwane, da makuba da ƙaro. Na tankaɗe ƙasar da ƙyallen kallabi, na dama da gam, na ɗora ta da yatsa ta yi tudu kamar fuskar gidajen Birni, na cike gidajen da shuni da ja da ruwan ɗorawa. Ba na sa aya a ciki, don ban san inda zanen zai ƙare ba, ko bangon da za a rataye shi. Abokaina suka ce, "Hausa, wannan ba mai saye." Kusan shekara guda maganarsu ce gaskiya.

Sai lokacin Dak'Art ya zo, babban baje kolin zane na Afirka da ake yi a Dakar duk shekara biyu. Ban shiga na hukuma ba, amma a gefensa ana buɗe gidaje da farfajiyoyi ko'ina har da Gore, kowa ya nuna nasa. Wata baiwar Allah ta ba mu aron tsakar gidanta. Nan wani malamin jami'a ɗan Najeriya ya tsaya gaban aikina ya daɗe, sannan ya juyo ya ce da Hausa, "Wannan ai zayyana ce. Ɗan wane gari ne kai?" Ya sayi biyu, bai taya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe a hankali. Ba kullum da daɗi ba: wani mai gidan baje koli daga Turai ya kwashi manyan ayyukana da alkawarin aiko kuɗi in ya sayar, har yau ko wasiƙarsa ban gani ba. Tun daga ranar ba na sakin aiki sai da takarda da rabin kuɗi a hannu, kuma haka nake gaya wa yaran da ke tasowa.

Da na je gida na tafi wa Malam da guda a naɗe. Lokacin idonsa ya fara rauni. Na shimfiɗa a zaure kan tabarma, ya matso ya bi layukan da ɗan yatsa tun daga tsakiya har baki. Ya tsaya a wata kusurwa ya ce, "Nan ka yi gaggawa." Gaskiya ne, a wurin na sa launi kafin in rufe gidan. Sannan ya ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka," ya sa aka rataye shi a zauren. Bai ƙara tayar da maganar mai rai ba, ni ma ban ƙara zana fuska ba sai in dole ta kama. Ya rasu bayan shekara biyu. Allah ya jiƙansa.

Masu ganin hoton tsibirin, gidaje ja da ruwan hoda, furanni sun zubo kan katanga, sukan ɗauka hutu muke yi. Teku ba ta raga wa mai zane. Gishirin da ke cikin iska yana cin ƙusa, tsatsar ta huda ƙyalle ta fito a fuskar zane. Da damina fumfuna kan kama bayan aiki cikin kwana kaɗan, fentin mai ya ƙi bushewa, ƙasar da na ɗora ta sha danshi ta kumbura. Sai da na yi asarar ayyuka da yawa kafin na gano yawan gam ɗin da ƙasar Mirriya ke buƙata a bakin teku, wanda ya kusa ninka abin da za ta ci a gida. Komai kuma daga Dakar ake ɗauko shi, katako, ƙyalle, gawayi, har ruwan sha ta bututu yake zuwa ƙarƙashin teku. Igiyar ruwa kuwa tana ta cin gaɓa, ta ɓangaren tsohon masallacin da muke salla abin har tsoro yake ba mu in teku ta fusata a watan Agusta.

Mafi tsananin abin da muka gani shi ne 2020. A watan Maris aka hana baƙi shigowa saboda korona, aka ɗage Dak'Art na shekarar har zuwa 2022. Watanni igiyoyin Kastel babu komai a kansu. Wasu suka koma kamun kifi da ƙugiya daga kan duwatsu, wasu suka tafi garuruwansu ba su dawo ba. Ni na koma ga wutar Kawu, wanda tsufa ya kama, na riƙe masa rumfa da dare. 'Yata ta fari ce ta ɗauki ayyukana hoto da waya ta sa a Instagram, ta rubuta bayani da Faransanci. Ta nan aka sayi uku, kuɗin ya kai mu har aka buɗe tsibirin.

Matata 'yar Rufisk ce, wani gari kusa da Dakar, 'ya'yanmu Wolof ne harshensu na wasa, Faransanci na makaranta, Hausa kuma ni nake matsa musu da ita a kan kwanon abinci. Yanzu ina da ɗaki mai taga biyu a ƙasan tudu, da yara biyu masu koyo. Ɗaya ɗan tsibirin ne, ɗayan ɗan Tasawa, shi ma gashin nama ya kawo shi Dakar. Ba na ba su launi sai sun yi wata uku suna jan layi da alƙalamin kara. Na Tasawan yana da hannu, ya fi ni a shekarunsa, sai dai mahaifinsa yana ta kira ya koma kan tukuba, yana cewa wasan yara ne. Na karɓi wayar na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ka ba ni shi shekara biyu. In bai fara aiko maka da kuɗin hannunsa ba, ni da kaina zan mai do maka shi, in biya kuɗin mota." Ya ce zai yi shawara da 'yan uwansa. Yaron yana nan dai, jiya ma shi ya tankaɗe mini ƙasar da aka kawo daga gida, kuma bayan Babbar Salla za mu tafi Damagaram tare, in je Tasawa in ga Alhajin ido da ido.